Abin Sawa Idan Gari Ya Rikice

Abin sawa idan gari ya rikice (4).

Wannan jimla nake fara jefa wa duk wanda ya shigo wurin aikinmu ya tarar ina zana gidajen haruffa a bayan tsohuwar takarda, ya ce wai me nake yi. Yawanci sai mutum ya tafi can nesa. Wani ya ce sulke, wani ya ce laya, wani tsohon ɗan sanda ya ce hular kwano. Duk sun ɗauka maganar tarzoma nake yi, kuma haka nake so su ɗauka. Amma babu tarzoma a ciki. Lambar da ke ƙarshe tana faɗa maka cewa amsar haruffa huɗu ce. Ɗauki kalmar gari ita kanta, ka rikita haruffanta, g da a da r da i, sai ga riga ta fito. Riga kuwa abin sawa ce.

Wanda ya ce laya yakan yi gardama, domin ai ita ma haruffanta huɗu, kuma sa ta ake yi. To a nan wasan yake. Kowane ƙulli na gaskiya, wato irin wannan jimla ta wasan cike-gidaje, yana da shaidu biyu, kamar ƙara a gaban alƙali. Na farko shi ne ma'anar kalmar kai tsaye, kuma wurin zamansa ko dai farkon jimla ko ƙarshenta. Na biyu shi ne hanyar gina kalmar daga haruffa. Sai bakinsu ya zo ɗaya sannan a yanke hukunci. Laya ta samu shaida guda, amma ba yadda za ka yi ka fitar da ita daga cikin gari. Riga kuwa duka biyun sun tsaya mata, don haka wanda ya gano ta ba ya bukatar ya tambayi kowa ko ya yi daidai. Da kansa ya sani.

Ni mai duba rubutu ne a wata maɗaba'a kusa da Wunti a garin Bauchi. Katin biki, kalanda, fastar 'yan siyasa, littafin Islamiyya, duk sai sun bi ta gabana kafin a hau inji. Aikin yana sa idon mutum ya daina ganin zance ya koma ganin haruffa, har allon shago idan na wuce sai in ga ƙugiyar da aka manta. Wataƙila shi ya sa wasan ya kama ni. Wurin kawuna na koya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya tara tsofaffin jaridun Ingila a cikin adaka, ba don labaransu ba, don shafin baya kawai. Da biro yake cikewa, ba ya taɓa fensir, domin a ganinsa mai fensir bai yarda da kansa ba. Turawa suna kiran wasan kurosiwod, mu a majalisarmu cike-gidaje muke cewa, kowace jimla kuma ƙulli.

Ba a Ingila aka fara buga shi ba. Wani haifaffen Ingila mazaunin Amurka, Arthur Wynne, shi ya fitar da na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Irin wancan mai sauƙi ne, tambaya ce da amsa: babban birnin Faransa, haruffa biyar, ko ka sani ko ba ka sani ba. Da abin ya ƙetara Ingila ne suka murɗe shi. Edward Powys Mathers ya fara ɗaura ƙulle-ƙulle masu ɓoyayyiyar ma'ana a jaridar Observer a 1926, da sunan aro Torquemada. Da ya rasu a 1939 wani malamin makaranta, Derrick Macnutt, ya gaje shi da sunan Ximenes, a 1972 kuma Jonathan Crowther ya karɓa da sunan Azed. Torquemada da Ximenes sunayen shugabannin kotun azabtarwa ta addini ne a Sifen ta da, Azed kuma Deza ne aka karanto daga baya, shi ma ɗaya daga cikinsu. Ka ga sun san abin da suke yi wa mutane.

Macnutt ne ya tsaurara ƙa'ida, har ya rubuta littafi a kanta a 1966. Abin da na fahimta daga makarantarsa, kuma shi ne duk abin da ya riƙe ni a wasan nan, shi ne an yarda mai ɗaurawa ya yaudare ka amma ba a yarda ya yi maka ƙarya ba. Zai iya sa ka kalli gabas alhali amsa tana yamma, amma idan ka dawo ka bi jimlar kalma bayan kalma, dole ka tarar ya faɗa maka komai, kuma babu kalmar da ya sa don ado kawai.

Kawu yana da labarai biyu da ba ya gajiya da su. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, jaridar Daily Telegraph ta yi gasar wanda zai cike nata cikin ƙasa da minti 12, bayan nan wasu daga cikin waɗanda suka yi fice suka samu wasiƙa daga gwamnati, aka ɗauke su aikin kwance saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park. Na biyu kuma a 1944, makonni kaɗan kafin saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni, sunayen sirri na shirin irin su Utah da Omaha da Overlord suka riƙa fitowa a matsayin amsoshi a wannan jarida, har jami'an tsaro suka je suka titsiye mai ɗaurawar, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe. Idan kawu ya kai nan sai ya ce, "Ka ji ko, ɗana? Wasan da uwarka ke cewa ɓata lokaci ne."

Bayan rasuwarsa na ci gaba a waya, tunda jaridar Guardian tana sa nata a intanet, har da wani mai sauƙi da ake kira Quiptic don masu koyo. Ina yi, ina jin daɗi, amma kullum akwai katangar da nake karo da ita, kuma ba ta Turanci ba ce, ta rayuwar Ingila ce. Da yawa daga cikin gajerun alamominsu daga wasan kurket suka fito. Idan sun ce sarauniya ER suke nufi, yanzu da Charles ya hau a 2022 ga CR ta ƙaru. Hamsin L ce, ɗari C, dubu M, lissafin Rumawa. Ga sunayen koguna da ƙananan garuruwa da yaron can ya sani tun yana firamare. Mutumin Bakin Kura ko Jahun zai iya haddace su, na haddace da yawa, amma dariyar da ɗan ƙasa ke yi idan ya gano amsa, kai sai dai ka yi rabinta. Kuma ba rashin iya kalmomin Turanci ne ke damun 'yan Nijeriya ba, tunda Wellington Jighere ya je birnin Perth na Ostireliya a 2015 ya ciwo kofin duniya na Scrabble. Wancan sanin kalmomi ne da lissafi. Wannan kuwa sai da al'ada.

Shi ya sa na fara ɗaura nawa da Hausa, kuma a nan na ga abin da ban zata ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A wurin aiki wannan ciwon kai ne, a wurin wasa kuwa arziki ne, domin kalmomin da kunne ke rarrabewa, a takarda fuskarsu ɗaya. Duba wannan:

Aikin almajiri a shekarar da ta wuce (4).

Bara ke nan, sau biyu. Aikin almajiri bara, shekarar da ta wuce bara. A baki ba ɗaya suke ba, a rubuce ɗaya ne, kuma jimlar tana tafiya sumul ba ka ga inda aka yi mata haɗi ba. Haka nan "Wahala tsakanin kai da ƙirji (4)", inda mai karatu zai ɗauka shi ake nufi da kai, alhali wuya ce da wuya. Ko gajeren nan da ƙanwata ta ɗaura, malamar firamare ce a Yelwa: "Miya da hawaye (4)". Wani ya ce albasa, aka ce ya ƙirga haruffa. Kuka ce.

Jiharmu ma ta taimaka mana da sunaye. "Sarkin dawa a ƙaramar hukuma (4)" Zaki ne. "Ƙarewa a arewacin Bauchi (6)" Gamawa. Akwai kuma na haɗi, inda ake gina kalma guntu bayan guntu: "Wasa ne, taho, a hanyar Potiskum (6)". Wasa dara, taho zo, ka haɗa ka samu Darazo. Direban da ke cikinmu ya gano wannan kafin in gama karantawa, ba don ya bi haruffa ba, don ya san hanyar, sai da aka tilasta masa ya kawo shaida ta biyu. Wani irin kuma ɓoye kalmar ake yi a fili, a tsakanin kalmomi biyu maƙwabta: "Abincin Bauchi a cikin Malama Saratu (4)". Ƙarshen Malama da farkon Saratu, ga masa nan kwance. Wannan kam dariya ya fi jawowa, domin kowa ya hango malamar ta ƙoshi.

Kalmomin da ke nuna abin da za a yi da haruffa su ne sirrin, kuma mai koyo su ya kamata ya fara farauta. Rikice, hargitse, rushe, dama, gyara, haukace, duk suna cewa hautsina abin da ke kusa da ni. A ciki, ya ɓoye, ya haɗiye, suna cewa wata kalma tana cikin wata. Ba kai yana nufin cire harafin farko. Gwanintar mai ɗaurawa ita ce ya zaɓi wadda za ta saje da zancen har ba za ka gane umarni ba ce. Wanda na fi alfahari da shi a wannan fanni shi ne "Makamin wanzami ya kasa gyaruwa (4)". Ido yana karanta "ya kasa gyaruwa" a dunƙule, ba ya tunanin a raba su, a ɗauki kasa a gyara ta ta koma aska. "Ya zare, ba kai, a masarautar Katagum (5)" shi ma haka, kana can kana tausayin mahaukaci, alhali cire y kawai za ka yi daga "ya zare" ka isa Azare.

Akwai dabarar da Hausa ta ƙi. Turawa suna yawan karanta kalma daga baya ta ba da wata, mu kuwa kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, gida idan ka juya ta adig za ka samu, ba abin da yake nufi. 'Yan kaɗan ne suka tsira, su ma don gabansu da bayansu ɗaya ne: "Ɗan Adam, ko ta gaba ko ta baya (5)", mutum ke nan, malam ma haka. Sai muka koma ga abin da muka tashi da shi. Yara masu zaurance tun da can suna musanya gaɓoɓi don kada manya su ji, don haka muka halatta juyin gaɓa, ƙasa ta juye ta zama saƙa. Gajerun alamomi ma mun fara tara namu a hankali, N naira, A arewa, K kudu: "Naira a gaban Isa? Akwai tazara (4)", wato nisa. Wani malamin zaure da ke leƙo mu ya ce wannan ba sabon abu ba ne, ai malamai na da suna rufe waƙa da ramzi, su dunƙule shekarar da aka yi ta a cikin kalma guda da lissafin abajada, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, mai ilimi ya kwance. Ya yi gaskiya.

Mutane da yawa idan na yi musu bayani sai su ce ai kacici-kacici ne. Dangi ne, amma ba ɗaya ba. Ƙulunƙulufita gauta ne, kowa ya sani, amma ka sani ne don an faɗa maka kana yaro. Ka zauna shekara kana tunani ba za ka ciro gauta daga cikinta ba. Baba na ɗaka gemu na waje ya fi sauƙin bi da hankali, duk da haka idan wani ya kawo wata amsa da ta dace, abin da za ka ce masa kawai shi ne ba haka kakanni suka ce ba. Kacici-kacici gado ne, ana yin sa da hadda, kuma da zarar ka ji shi sau ɗaya ya ƙare maka. Ƙulli kuwa sabo ne kowane mako, kuma yarinya 'yar sakandare tana iya kayar da dattijo a kansa. Ba raina na gargajiya nake yi ba. A wurinsa ma muka ga cewa lada ba sai ta yi nauyi ba. Idan ka kasa, cewa ake yi ka ba da gari, ka ce na ba ka Kano, na ba ka Misau, mai tambaya ya karɓa ya yi ta cika baki da garin da ba zai taɓa karɓar harajinsa ba.

To maganar kyauta. Tsarinmu shi ne ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake sa ƙulle-ƙullen mako a zaurenmu na WhatsApp, in kuma manna kwafi a ƙofar shago don waɗanda ba su da babbar waya. Ana turo amsa a asirce zuwa daren Lahadi. Amsa ba bayani ba ta karɓuwa, sai ka nuna shaidun nan biyu. Da farko wanda ya riga kowa shi ke ci, sai muka ga kullum mutanen da ke zaune a ofis da data a waya su ke lashewa, direba yana kan hanyar Jos, matan aure suna kan tukunya. Muka koma tsarin jaridun Ingila, inda ake tara duk amsoshin da suka yi daidai a zaro ɗaya. Mu a hula muke zubawa, ƙaramin yaron maƙwabcinmu ya sa hannu.

Kyautar kanta katin waya ne na naira 500 mafi yawan lokaci. Wani mako tela ya ce gyaran riga kyauta, wani mako direba ya sauke ƙaramin kwandon dankalin Turawa. Mutum ɗaya ne ke ɗaukar nauyi kowane mako, kuma shi ba ya shiga gasar wannan makon, ni ma da na ɗaura ba na shiga. Ba wanda ke biyan ko sisi don ya shiga. Wannan ba rowa ba ce, da gangan muka yi. Akwai lokacin da wani matashi ya kawo shawarar kowa ya riƙa zuba naira 200, wanda ya ci ya kwashe, wai a haka abin zai yi armashi. Muka kai maganar ga limamin unguwa, ya ce idan 'yan gasa suka zuba kuɗi ɗayansu ya kwashe, caca ce ko da sunan ilimi aka yi ta, amma idan wani daga gefe ya ba da kyauta babu laifi. Aka rufe zancen a nan.

Ni kuma ko ba don hukuncin ba, ina da nawa dalili. Manyan gasannin Ingila kyautarsu ba ta taka kara ta karya ba, ƙamus ne, ko alƙalami, ko takardar sayen littafi. Gasar wata-wata ta Azed, wadda sai ka cike gidajen duka sannan ka ɗaura naka ƙullin a kan kalmar da aka ba ka, mutane sun shafe shekaru suna shiga don sunansu ya fito a jerin gwanaye. Gasar jaridar Times da aka fara a 1970, wani John Sykes ya ci sau 10, daga baya Mark Goodliffe ya zarce shi, ba wanda ya yi arziki da ita. Inda kuɗi ya yi yawa kuwa, wasan lalacewa yake yi, kuma hanyar lalacewar sananniya ce. Mai shirya gasa zai karɓi kuɗin shiga, ya ɗaura tambayar da amsoshi biyu ko uku duk suka dace da ita, sannan ya zaɓi wadda ya ga dama. A Indiya abin ya kai har majalisa ta yi doka a 1955 wadda ta taƙaita jimillar kyautar irin waɗannan gasanni zuwa rufi 1,000 a wata. Ƙanensu ne gasannin saƙon waya da muke ji, a yi maka tambayar da ɗan aji biyu zai amsa, a cire kuɗi a kowane saƙo, a ce ka yi ta turowa don ƙara sa'a. Tambayar can ado ce. A wurinmu tambayar ita ce komai, katin ne ado, kuma muddin naira 500 ce ba wanda zai ɓata da maƙwabcinsa a kanta.

Ƙullin da ya fi daɗewa bai kwantu ba shi ne wannan:

Sha'afa da alkunya a ciki, gidan ilimi ke nan (9).

Lahadi ta wuce ba amsa, aka ɗaga kyautar zuwa mako na gaba, tela ya ƙara nasa a kai. Da yawa sun hango ma'anar, sun ƙirga sun ga makaranta ta yi haruffa tara, amma sun kasa nuna ta ina, kuma doka ta ce ba bayani ba ci. Wani lakcara ya kira ni ya ce, "Malam, anya ba ka yi kuskure ba?" Na ce a'a, ya sake dubawa. 'Yar ƙanwata ce, tana aji biyar na sakandare, ta same ni a gida da takardarta a hannu. Ta ce, "Kawu, sha'afa ai manta ne ko?" Na ce ina jin ki. Ta ce, "Alkunya kuma kara, irin a ce wane yana da kara. Idan aka buɗe manta bayan ma, aka sa kara a ciki, ma, kara, nta." Uwarta tana gefe tana cewa, "Yaya, ka ga ni kwana nawa ina kallon abin nan." Abin da ya ɓatar da manya shi ne duk sun san kara na dawa da na rake, ba wanda ya kawo ɗaya karan a ransa, ga shi kuma "da alkunya" ya manne da "sha'afa" har ya zama zance guda mai ma'ana. Ita kaɗai ce a hula wannan makon, amma duk da haka ta ce sai yaron ya zaro.

Gardama ba ta ƙarewa, kuma rabin daɗin ke nan. Ta farko a kan ƙugiya ce. Masu rubutu a waya sun saba da baki a wurin baƙi, kasa a wurin ƙasa. Na kafe cewa ɓ da ɗ da ƙ haruffa ne masu zaman kansu, wanda ya musanya su ya faɗi, domin in ba haka ba Zaki zai koma zaƙi, ƙullin aska ma ya rushe. A nan na yi nasara. Ta biyu a kan sh da ts ce. Tsintsiya haruffa nawa? Ni da na saba da madannin kwamfuta na ce tara, ƙanwata ta ce bakwai, domin a aji tana koyar da ts a matsayin baƙi guda. Aka bi nata, sh da ts kowanne gida ɗaya. Sai wani ya ce to ƙw da gy da ky fa? Muka bar su gida biyu-biyu, ba don hujja ta hana ba, don kawai magariba ta yi. Akwai kuma Hausarmu ta Bauchi da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, mu ce motan, rigan, inda Bakano zai ce motar, rigar. A hira ba komai, a cikin gida ɗaya na takarda kuwa n da r ba sa zama tare. Mun yarda daidaitacciyar Hausa ce ma'auni, alƙalinmu kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, yadda 'yan Azed suka riƙi ƙamusun Chambers. Idan kalma tsohuwa ce sosai mukan leƙa na Bargery na 1934, ko da yake tela ya ce duk wanda ya ɗauko kalma daga can don ya wahalar da mutane, shi zai sayi katin wata guda.

Har yanzu jimloli muke yi a warwatse, ba mu kai ga cikakken allo mai gidaje baƙi da fari inda kalmomin kwance ke ratsa na tsaye ba. Na Ingila yawanci gida 15 ne tsawo, 15 faɗi. Ni 9 nake gwadawa, kuma abin da na gano shi ne wurin da kalmomi ke haɗuwa ya fi komai muhimmanci a Hausa. Idan mahaɗar ta faɗo a kan wasula, ba ta taimaki kowa ba. Gurbi, a, gurbi, a: bara ce, ko masa, ko dara, ko rana, ko gaba, ko fara? Idan kuwa ta faɗo a kan baƙaƙe, b da r, ko m da s, mai wasa ya samu madafa. Don haka dole in tsara allon yadda gida na ɗaya da na uku da na biyar za su zama mahaɗa, tunda a nan baƙaƙenmu suka fi zama. Matsalar tana zuwa a ƙarshen layi. Makaranta ta cike layin sama cif, m da k da r da n duk sun ba ni kalmomin tsaye ba wahala, amma gida na tara a ne, don haka layin gefen dama sai da kalmar da ta fara da wasali. Na sa agogo, ta sauko da kyau, sai dai o ɗinta biyu sun faɗo a mahaɗa, yanzu ina neman kalmomin kwance biyu masu ƙarewa da o waɗanda tsawonsu zai yi daidai da gidajen da suka rage. Direba ya ce in sa Darazo a ɗaya, na ce an riga an san ta, sai dai in ɗaura mata sabon ƙulli. Ya ce to in ɗaura, shi zai kawo dankalin.